Littattafan Tantance Tsirrai da Ƙurar Fure, da Amfaninsu ga Tarihin Ƙasar Ungogo

1. Gabatarwa

Matafiyin da ya bar birnin Kano ya nufi arewa, da zarar ya wuce gine-ginen Kurna da Bachirawa, zai sami kansa cikin gonaki jere da juna, babu saura babu daji, sai itatuwa tsaitsaye jefi-jefi a tsakiyar shuka: ɗorawa a nan, gawo a can, kuka da tsamiya a bakin ƙauye. Wannan ita ce ƙasar Ungogo, wadda faɗinta murabba'in kilomita 204 ne kacal, amma ƙidayar 2006 ta sami mutum sama da 360,000 a cikinta. Tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce, shin yaya wannan ƙasa take kafin ta zama haka? Kurmi ce manoma suka sare har ya rage 'yan itatuwan da ake gani, ko kuwa tun asali sarari ce mai ciyawa da itatuwa warwatse?

Irin wannan tambaya ba a amsa ta da ka. Sai an nemo shaida daga abin da tsirran dā suka bari a cikin ƙasa, watau ƙurar furensu da gawayinsu da ƙwayoyinsu, sa'an nan a gane kowanne na wane tsiro ne. Ganewar kuwa ba ta yiwuwa sai da littattafan da aka tanada domin wannan aiki. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana waɗannan littattafai, waɗanda suka kasu kashi uku: ƙamusoshin sunayen tsirrai, da kundayen bayanin tsirrai, da kundayen hotunan ƙurar fure. Za a nuna abin da kowane kashi yake iya yi da inda ya gaza, da kuma dalilin da ya sa aikin ba zai kammala ba sai manazarta harshen Hausa sun sa hannu.

2. Asalin Gardamar

A shekarar 1935 wani malamin gandun daji na Jami'ar Edinbara, E. P. Stebbing, bayan ya zaga Arewacin Nijeriya da Nijar, ya buga maƙala yana gargaɗin cewa hamadar Sahara tana kutsowa kudu, ya kuma ɗora laifin a kan sassabe da ƙunar daji da kiwo. Hukumar haɗin gwiwa ta Ingila da Faransa da ta bi kan iyakar ƙasashen biyu a 1936 da 1937 ba ta sami abin da zai gaskata shi ba, amma maganar ba ta mutu ba. A 1949 wani Bafaranshe, André Aubréville, ya ƙarfafa ra'ayin cewa yawancin sararin Afirka ta Yamma kurmi ne da hannun mutum ya lalata. Farin da aka yi a 1972 zuwa 1974, da na 1983 da 1984, ya sake ta da zancen. Illar wannan ra'ayi ita ce, muddin an yarda manomi shi ne maɓarnacin itace, to sai a tsara dokoki da shirye-shiryen dashe ba tare da an nemi shawararsa ba.

Ƙasar Ungogo tana cikin wuraren da aka fara gwada wannan zargi. A 1965 Sashen Nazarin Ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello ya buga rahoton Michael Mortimore da J. Wilson mai suna Land and People in the Kano Close-Settled Zone, wanda aka gina shi a kan binciken gundumar Ungogo. Rahoton ya nuna ana noma kusan kowace gona shekara da shekara ba hutu, ana riƙe ƙarfinta da taki, jakuna suna kai itacen wuta birni suna komowa da takin birni. A 1990 Mortimore da abokan aikinsa na Jami'ar Bayero suka fitar da Wood Fuel in Kano, inda suka gwada hotunan sama da ƙidayar itatuwa a ƙasa, suka tarar itatuwan gonakin kewayen Kano ba su ƙare ba kamar yadda ake zato, domin kowace bishiya da mai ita, sassaftar rassanta ake yi, ba a kayar da ita sai da dalili.

Sai dai hoton sama bai wuce 'yan shekaru gommai ba. Bayanin matafiya irin su Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851 ya tarar da gonaki da itatuwa a cikinsu, bai kai shekara 200 ba. Tarihin Kano da H. R. Palmer ya buga fassararsa a 1908 ya ambaci wani kurmi a Jakara da ake kira Kurmin Baƙin Ruwa, amma bai faɗi itatuwan da ke cikinsa ɗaya bayan ɗaya ba. Wanda yake son ya leƙa shekaru dubbai, tilas ya koma ga tsirran kansu.

3. Ƙamusoshin Sunayen Tsirrai

Littafi na farko da ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya gwama su da sunayensu na Latin shi ne A Hausa Botanical Vocabulary na J. M. Dalziel, wanda aka buga a Landan a 1916. Dalziel likita ne ɗan Sikotilan da ya shigo aikin lafiya na Afirka ta Yamma a 1905, ya riƙa tsinkar tsirrai a wurare irin su Sakkwato da Katagum da Yola, yana busar da su yana aika wa ma'adanar tsirrai ta Kew a Landan, yana kuma rubuta sunan da mutanen wurin suka gaya masa. Saboda haka ne ma sunan hano na Latin, Boswellia dalzielii, yake ɗauke da sunansa. Haka kuma kalmar Hausa ta shiga Latin ɗin kanta, domin doka a wurin masana tsirrai na duniya Isoberlinia doka ce. A 1937 ya faɗaɗa aikin ya zama The Useful Plants of West Tropical Africa, wanda H. M. Burkill ya sake rubutawa cikin juzu'i shida daga 1985 zuwa 2004.

Manyan ƙamusoshin Hausa, watau na G. P. Bargery na 1934 da na R. C. Abraham na 1949, su ma sun ƙunshi sunayen tsirrai masu yawa. Daga baya Z. O. Gbile na cibiyar binciken gandun daji ta Ibadan ya fitar da jerin sunayen Hausa a 1980, B. Peyre de Fabrègues ya yi makamancinsa game da tsirran Nijar a shekarun 1970, Roger Blench kuma ya tattara abin da ya gabata ya ƙara nasa a 2007.

Mai aiki da waɗannan littattafai zai ci karo da matsaloli uku na harshe. Ta farko ta rubutu ce. A zamanin Dalziel ba a daidaita ƙa'idojin rubutun boko ba, ba a kuma nuna karin sauti. Ga shi kuwa bambancin ɗinya, bishiyar da ake shan 'ya'yanta, da dinya tsuntsuwa, lanƙwasa ɗaya ce. Bambancin kuka ta miya da kukan hawaye kuwa yana ga karin gaɓar ƙarshe, ta farko ƙasa take sauka, na biyu a sama yake tsayawa. Matsala ta biyu ta karin harshe ce. Abin da wani ya kira bagaruwa wani gabaruwa zai ce. Haka kalgo da kargo, kanya da kaiwa, ɗinya da ɗunya, hano da ararrabi. Wanda bai san haka ba sai ya ƙirga bishiya ɗaya sau biyu.

Matsala ta uku ta fi zurfi, domin ta shafi yadda Bahaushe yake kasa tsirrai. Shi kama da amfani yake dubawa, masanin tsirrai kuwa ƙirar fure da 'ya'ya. Alal misali, namijin kaɗe ya yi kama da kaɗanya a ganye da tsayuwa, shi ya sa aka raɗa masa wannan suna, amma a wurin masana ko kusa ba zuriyarsu ɗaya ba. Haka gwanda da gwandar daji. A wani wurin kuma suna ɗaya ne yake rufe iri biyu ko fiye, kamar kalgo da baushe. Ke nan ƙamus kaɗai ba ya isa a tabbatar da tsiro, sai an haɗa da kashi na biyu.

4. Kundayen Bayanin Tsirrai

Masana sun jera tsirrai hawa-hawa. Mafi ƙanƙanta shi ne iri. Ire-ire masu kusanci su ne dangi. Dangogi masu kusanci kuma zuriya. Sunan Latin kalma biyu ne, ta farko ta dangi, ta biyu ta iri. Magarya da kurna, alal misali, dangi ɗaya ne, Ziziphus, amma iri dabam-dabam. Kundin bayanin tsirrai shi ne littafin da ya jera dukkan ire-iren da aka sani a wata ƙasa, da siffar kowanne, da wuraren da aka tsince shi. A cikinsa akwai abin da ake kira mabuɗi, watau jerin tambayoyi biyu-biyu: ganyen falle ɗaya ne ko mai rassa, akwai ƙaya ko babu, 'ya'yan kwanso ne ko masu tsoka. Kowace amsa tana kai mai dubawa ga wata tambaya, har a ƙarshe ya tsaya a kan suna ɗaya.

Uban waɗannan kundaye a wannan yanki shi ne Flora of West Tropical Africa na John Hutchinson da Dalziel, wanda ya fito daga 1927 zuwa 1936. R. W. J. Keay da F. N. Hepper suka sake tace shi daga 1954 zuwa 1972, ya ƙunshi iri sama da 7,000. Keay ɗin, tare da C. F. A. Onochie da D. P. Stanfield, ya fitar da Nigerian Trees cikin juzu'i biyu a 1960 da 1964, ya kuma sabunta shi a 1989. Ƙarfin waɗannan littattafai yana ga cewa bayan kowane suna akwai busasshen reshe da aka manna a takarda aka adana, a Kew ko a ma'adanar gandun daji ta Ibadan ko ta wata jami'a, wanda duk mai shakka zai iya zuwa ya duba da idonsa.

Amma fa kada a ɗauka sunan Latin ba ya motsi. Gawo a tsofaffin littattafai Acacia albida ne, yanzu Faidherbia albida. Kaɗanya ta tashi daga Butyrospermum ta koma Vitellaria paradoxa. Ɗorawa ta taɓa zama Parkia clappertoniana, da sunan Clapperton da ya ziyarci Kano a 1824, daga baya aka mayar da ita Parkia biglobosa. Bayan tarurrukan masana tsirrai na duniya na 2005 da 2011, bagaruwa da farar ƙaya suka koma dangin Vachellia, ɗakwara ta koma Senegalia. Cikin shekara ɗari da aka yi ana wannan sauye-sauye, gawo yana nan gawo a bakin manomin Fanisau. Saboda haka sau da yawa sunan Hausa ne yake taimakon ɗalibi ya gane cewa littafin 1916 da na 1989 bishiya ɗaya suke nufi.

5. Kundayen Ƙurar Fure

Manomi ya san bununi, watau garin nan mai ɗorawa-ɗorawa da yake zuba daga kan gero ko masara in sun yi fure. Kowane tsiro mai fure yana da irin wannan gari, shi ne a nan ake kira ƙurar fure. Ƙwayoyinta ƙanana ne ainun, mafi yawansu sai an jera 20 zuwa 50 kafin su cika milimita ɗaya. Abu biyu ne suka sa ta zama shaidar tarihi. Na farko, ɓawonta yana da ƙarfin da ba ya ruɓewa muddin ta nutse cikin laka inda iska ba ta shiga, ko da za ta shekara dubbai. Na biyu, kowane dangi da irin ƙirar ƙwayarsa: ta ciyawa mulmulalliya ce mai ƙofa ɗaya da zobe a bakinta, ta wasu itatuwa tana da tsaga uku, ta bagaruwa da ɗorawa kuwa a dunƙule take fita, ƙwayoyi da yawa manne da juna.

Wani masani ɗan Suwidin, Lennart von Post, shi ne ya fara nuna yadda za a karanta tarihin daji daga wannan ƙura, a wata lacca da ya gabatar a 1916, shekarar da littafin Dalziel ya fito. Ɗan ƙasarsu Gunnar Erdtman ya inganta hanyar wanke ƙwayoyin da sinadarai, ya kuma yaɗa ilmin a duniya. Yadda ake aikin shi ne, a kafa dogon bututu cikin lakar gindin tafki, a zaro ta a miƙe kamar sanda. Lakar ƙasa ita ce tsohuwa, ta sama sabuwa. A yanka ta gunduwa-gunduwa, a auna shekarun wasu gunduwoyin da gwajin kabon, a narkar da yashi da ruɓaɓɓen ganye, abin da ya rage a ɗiga a kan gilashi a sa a madubin likita. Daga kowace gunduwa akan ƙirga ƙwaya 300 ko fiye, a rubuta kason kowane dangi. In aka jera sakamakon daga ƙasa zuwa sama, sai a ga lokacin da wata bishiya ta yawaita da lokacin da ta ja baya.

Duk wannan ya rataya a kan gane ƙwayar da ke cikin madubi, kuma a nan ne kundin hotuna yake shigowa. Mai haɗa shi yakan ɗebo ƙura daga furen busasshen reshen da aka riga aka tabbatar da sunansa a ma'adana, ya ɗauki hotonta ta fuskoki dabam-dabam, ya rubuta girmanta da adadin ƙofofinta da zanen ɓawonta. Jean Maley ya fitar da na tsirran Cadi a 1970. Margaret Adebisi Sowunmi ta Jami'ar Ibadan ta buga na itatuwan Nijeriya a mujallar Grana kashi biyu, a 1973 da 1995. Raymonde Bonnefille da Guy Riollet sun yi na sararin Afirka ta Gabas a 1980. A 2013 William Gosling da Charlotte Miller da Daniel Livingstone suka fitar da na Afirka ta Yamma mai ɗauke da iri sama da 300. In aka gwada wannan adadi da iri 7,000 na kundin Hutchinson da Dalziel, za a ga irin aikin da ya rage.

6. Abin da Tafkuna Suka Nuna

Fitattun wuraren da aka yi wannan bincike a Arewacin Nijeriya suna gabas da Kano. Na farko kwarurrukan da ke tsakanin tuddan yashi na ƙasar Manga a Jihar Yobe ne, waɗanda Ulrich Salzmann da Martyn Waller suka buga sakamakonsu a 1998. Sun tarar cewa daga kimanin shekara 10,000 zuwa 3,300 da suka wuce, bisa lissafin kabon, waɗannan kwarurruka suna cike da kurmin fadama mai itatuwa dangin malmo da kafafago, waɗanda a yau sai can kudu ake samunsu da yawa. Amma tuddan da ke kewaye sarari ne mai ciyawa ko a wancan zamani. Daga nan ƙasar ta bushe ta zama yadda take.

Na biyu tafkin Tila ne a tsaunin Biu cikin Jihar Borno, wanda lakarsa ta riƙe tarihin kimanin shekara 17,000. Salzmann da abokan aikinsa sun nuna a 2000 da 2002 cewa damshi ya kai ƙololuwa tsakanin shekara 8,500 da 7,000 da suka wuce, itatuwa suka yi kauri, amma ciyawa ba ta taɓa ɓacewa ba, kuma burbushin gawayi ya nuna wutar daji tana ci a kai a kai tun kafin noma. Bushewa ta fara a hankali, ta tsananta wajen shekara 3,800 da suka wuce. Kwale-kwalen Dufuna da aka gano a 1987 a Yobe, mai kimanin shekara 8,000, ya dace da wannan zamani na yalwar ruwa.

Ma'anar wannan ga gardamar da aka fara da ita a fili take. Ƙasar ta taɓa fin haka ruwa da itace, amma sauyin sama ne ya fara rage su, kuma sarari mai ciyawa ya girmi gatari da fartanya. Ungogo tana tsakanin waɗannan wurare biyu ta fuskar yawan ruwan sama, ta fi Manga, ba ta kai Biu ba, don haka hankali ya fi karkata ga cewa ita ma sarari ce mai itatuwa, da kurmi a bakin rafuka irin su Jakara.

7. Inda Littattafan Suka Gaza

Duk da haka, ɗaruruwan kilomita ne tsakanin Ungogo da waɗannan tafkuna, kuma ƙasar Ungogo kanta ba ta adana ƙurar fure da kyau. Jigawa ce da ake kaftu da huɗa kowace shekara, iska da rana suna cinye ƙwayoyin. Lakar fadama da ta kududdufi ita ce abin dubawa, amma ita ma haƙar ƙasar gini da noman rani sun dagula jerinta. Har wa yau, hunturu yakan kwaso ƙura daga nesa ya zuba a inda tsironta bai taɓa fitowa ba.

Bayan wannan akwai gazawar madubin kansa. Marke da sabara da geza da taramniya da baushe zuriya ɗaya ce, kuma ƙurarsu ta yi kama ƙwarai, har masu bincike sukan haɗa su a layi ɗaya. Ga manomi kuwa ba ɗaya suke ba: marke babban itace ne na ƙasa mai albarka, sabara kuwa ita ce take cika tsohuwar saura da ƙasar da ta gaji. A nan harshen Hausa ya fi madubi rarrabewa. Haka nan itatuwan da suka fi shahara a gonakin Ungogo su ne suka fi ƙarancin bayyana a laka. Kuka da ɗorawa da rimi jemagu da ƙwari ne suke ɗaukar ƙurarsu, ba iska ba, saboda haka kaɗan ce take isa tafki. Ɓaure da ceɗiya da gamji da durumi furensu a ɓoye yake cikin 'ya'yan, wani ɗan ƙwaro ne yake shiga ya fita da ƙurar. Mafi muhimmanci, ƙurar gero da ta dawa ba a iya raba su da ta ciyawar daji da tabbaci. Masara ce kaɗai ta fita dabam, domin ƙwayarta ta ninka tasu sau biyu ko uku, ita kuwa baƙuwa ce daga Amurka, ba ta iso Afirka ba sai bayan 1492.

Saboda haka masu binciken farkon noma sukan koma ga ƙonannun ƙwayoyi da shatar da suka bari a jikin kasko. Ta haka aka gano geron gida na kimanin shekara 4,500 a kwarin Tilemsi na Mali. Gawayi ma shaida ne, kuma shi ba ya ruɓewa a busasshiyar ƙasa. Yana da nasa kundin, wanda Katharina Neumann da abokan aikinta suka fitar a 2001 game da ƙirar cikin itatuwan Sahara da Sahel. Tun da an sami shaidar narkar da tama a gindin Dala tun ƙarni na 7, tsofaffin matoya da juji da kufai na kewayen Kano su ne wuraren da za a nemi gawayin da zai nuna ko ƙirya, wadda maƙera suka fi so, ta taɓa yawaita a nan.

8. Rabon Manazarcin Harshe

Akwai wani kundi na huɗu da ba a rubuta ba tukuna, watau sunayen wurare. A ƙasar Ungogo da kewayenta akwai Rimin Gata da Rimin Zakara da Rimin Kebe da Kurna da Dausayi. A wasu sassan Kano akwai Ɗorayi da Giginyu da Tsamiyar Boka. Ɗorayi jam'in ɗorawa ne, Giginyu jam'in giginya, dausayi kuwa wuri ne mai damshi da ɗanyar ciyawa. Waɗannan sunaye suna riƙe da shaidar daidai itatuwan da madubi ba ya gani, kuma sukan daɗe bayan an sare bishiyar an yi gini a gurbinta. Sai dai a yi hattara, domin akan sa wa wuri sunan bishiya saboda yawanta, akan kuma sa saboda ita kaɗai ce a wurin. Jam'i ya fi tilo ƙarfin shaida.

Sunayen tsirran kansu ma suna nuna baƙo da ɗan gida. Masara tana ɗauke da sunan Masar, hanyar da ake ganin ta biyo. Gwandar gida an san ta da gwandar Masar, abin da yake nuna baƙuwar ce ta karɓe sunan, 'yar ƙasa ta koma gwandar daji. Darbejiya, wadda aka kawo daga Indiya a zamanin Turawa, ta tara sunaye cikin ɗan lokaci: dogon yaro, maina, bedi. Yawan sunaye marasa tushe ɗaya alama ce ta sabon shigowa.

Abin da ake bukata daga manazarcin harshe shi ne ya shiga gonakin tare da masanin tsirrai. Ya rubuta kowane suna da lanƙwasarsa da karinsa da tsawon wasalinsa, da jinsinsa da jam'insa, da ƙauyen da aka ji shi, ya ɗauki muryar mai faɗa. Abokin tafiyarsa kuma ya tsinki reshe mai fure ya busar ya ba shi lamba. Daga wannan reshe za a tabbatar da sunan Latin, daga furensa za a ɗebi ƙurar da za ta shiga kundin hotuna, daga itacensa a yanki na gwada gawayi. Ta haka lamba ɗaya za ta ɗaure littattafan uku. Manoma da masu magani da masassaƙa da maƙera da masu kiwon zuma su ne malaman da za a tambaya, musamman game da itatuwan da suka sani da ƙuruciya waɗanda yanzu babu su.

9. Kammalawa

An ga cewa gano tarihin muhallin wuri kamar Ungogo yana bukatar littattafai iri uku masu dogaro da juna: ƙamus ya ba da suna, kundin tsirrai ya tabbatar da iri, kundin ƙurar fure ya gane shi a cikin laka. An ga kuma sakamakon Manga da Tila, haɗe da binciken da aka fara a Ungogo a 1965, bai goyi bayan zargin da aka daɗe ana yi wa manomi ba. Amma littattafan duk da Ingilishi da Faransanci da Latin aka rubuta su, sunayen Hausa da ke cikinsu kuwa da yawa tun daga hannun Dalziel aka yi ta kwafowa. A halin da ake ciki birni yana cin gonakin Rijiyar Zaki da Bachirawa da Rangaza, dattawan da suka san bambancin geza da taramniya suna raguwa. Busasshen reshe yana iya jira a ma'adana shekara ɗari, amma sunan da ba a rubuta ba yana tafiya da mai shi. Ya kamata sassan Hausa da na nazarin tsirrai a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina da Maraɗi su ɗora ɗalibansu na manyan digirori a kan wannan aiki gunduma-gunduma, a fara da waɗanda birni ya fi matsa wa, domin a sami ƙamusun tsirrai na Hausa wanda kowane suna a cikinsa yake da reshe da hoton ƙura a bayansa.